Ina Mutanen Garin Suka Tafi?

"Ba haka ba ne, Fanna! Wallahi ba haka ba ne!"

Tahir ya dire takardar a kan tabarma, ya dafe kai. Fanna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta zuba wa bangon zauren gidansu na Mafoni ido. Tun bayan la'asar suke kan tambaya ɗaya.

Shi malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi, Bakano amma haifaffen Maiduguri. Ita kuwa sau biyu tana zana jarrabawar gama sakandare, komai ta ci, Turanci ya kayar da ita. Mahaifinta, Malam Ba'ana, ya riga ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa ba za a ɗaura mata aure ba sai ta samu takardar da za ta riƙe kanta da ita ko da miji ya mutu. Malam Ba'ana kuwa ba ya magana biyu.

Wuri ɗaya take faɗuwa. A ba mutum labari ya karanta, sannan a tambaye shi abin da marubucin bai faɗa da bakinsa ba, ya dai bar alamu a tsinta a gano.

Tahir ya sassauta murya. "Saurara, abar ƙaunata, bari in juya miki shi da Hausa. Matafiyi ya shiga wani gari da hantsi. Shaguna a rufe. Titi ba kowa. Ga wata ƙofa a buɗe, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a yashe. An rarrataya ƙyallaye masu launi, can nesa ana jin ganga. Ina mutanen garin suka tafi?"

"Sun gudu."

"Fanna!"

"An shigo musu ne, suka gudu..."

"To gangar fa? Ƙyallayen fa? Biki ake yi, kowa yana dandali! Na gaya miki dokar: hujjarki ta fito daga cikin labarin, ba daga zuciyarki ba."

"Takalmin fa, Malam? Wace uwa ce za ta tafi biki ta bar ƙofa a hangame, ɗanta da takalmi ƙafa ɗaya?"

"Ɗoki ne! Yaro ya ji ganga, ya kwasa da gudu."

Ta dubi takardar. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a kan biron da ke hannunta.

Tana ƙarama suka baro garinsu na hanyar Bama da ƙafa, tukunya a kan murhu, ba wanda ya tsaya jan ƙofa. A ranar aka rabu da yayanta Abdulsalami, har yau ba gawa ba labari. Tahir ya san wannan, amma sani daban, gani daban.

"Na san amsar da suke so," ta ce a hankali. "Wallahi na sani. Amma a ɗakin jarrabawa, da na karanta an ce gari ya yi tsit, ko an ce uwa tana jiran ɗanta, sai garinmu ya dawo min a ido. Sauran layukan ba na ganinsu. Kafin in dawo hayyacina an ce a ajiye biro."

"Za mu ci gaba da gwadawa..."

"Har yaushe?"

Ya kau da kai. Ta san shi sarai, ta san akwai magana a bakinsa.

"Faɗi mana, Tahir."

"Aikin Kano ya fito. Bayan babbar salla zan tafi." Ya ɗauki takardar ya ninke. "Hajiya ta ce ba zan tafi tuzuru ba. Ta ce ta gaji da jira, in ba ke, ga Rahmat 'yar ƙanwarta."

"Sakamako ba ya fitowa kafin salla."

"Na sani."

"Me ka ce mata?"

"Me zan ce, Fanna? Uwata ce! Na durƙusa, na roƙa, har kawuna na tura mata. Ke ma je ki ce wa Baba ya janye rantsuwarsa, in za ki iya!"

Ba za ta iya ba, kuma ya sani. Ta kifa kai a gwiwa, kukan da take dannewa ya ƙwace.

Sallamar Malam Ba'ana ce ta katse su. Ya dawo daga kasuwa, buhun hulunan da yake wankewa a kafaɗa. Tahir ya zabura ya durƙusa.

"Wushe, Baba. An dawo lafiya?"

"Lafiya." Tsohon ya dubi 'yarsa, ya dubi saurayin, fuska ba walwala. "Wane irin karatu ne wannan da kullum sai an yi kuka? Dukanta kake yi?"

"Wane ni, Baba! Tambaya ce ta gagara."

"Karanto in ji. Ban yi boko ba, amma ina da kunne."

Ya ajiye buhun ya zauna. Tahir ya maimaita labarin da Hausa. Da ya kai kan tambayar, tsohon bai ko ja numfashi ba.

"Wannan ma tambaya ce? An shigo musu. Sun yi daji. Allah ya sa an tsinci yaron."

Tahir ya sunkuyar da kai.

Fanna ta ɗago jajayen idanunta. "Baba... mun faɗi. Biki suka tafi."

"Biki?"

"Akwai ganga a ciki, Baba. Ba ka ji ba?"

Bai ji ba. Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Gemunsa ya shiga motsi.

"A da haka muke," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Ranar salla kowa ya tafi fili, ƙofofi a buɗe, ko akuya ba ta ɓata..." Ya juyo. "Abin da ke kayar da ke ke nan, feronyi, 'yata? Na ɗauka wasa kike yi da karatu."

Ta gyaɗa kai.

Tsohon ya share ido da hannun riga, ya ɗaga murya wajen matarsa da ke cikin gida. "Ya Gana! Auno shinkafar da za ta ciyar da miskinai goma. Gobe a dafa."

Fanna ta toshe baki da mayafi. Kaffara ce. Mutumin da bai taɓa janye magana ba zai karya rantsuwarsa.

"Baba, mutane za su ce..."

"Su ce." Ya dubi Tahir. "Ka turo manyanka. Amma ka ji da kyau: a can Kano za ka sake biya mata jarrabawar. In ta faɗi, ka sake. Kuma kada ka ƙara ɗaga mata murya a kan wannan."

Tahir ya durƙusa sosai, hawaye na zuba. "Baba, na rantse da..."

"Kul!" Tsohon ya ɗaga hannu. "Kada ka rantse, yaro. Ka dai yi."