Lamba Ta Huɗu

Malam Riskuwa ba ya shiga sabuwar shekara sai da takarda a hannu. Duk ƙarshen Disamba, da an rufe firamaren da yake koyarwa a unguwar Nassarawa, sai ya yagi fallen littafi ya jera abin da zai cim ma, lamba-lamba. Hutu dai bai taɓa samun lamba ba. Bana kuwa kansa ya ƙara ɗaukar zafi, don an raɗa masa cewa hukumar ilimi na shirin ba shi hedimasta.

Yana tsakar gida da bironsa ran wata Asabar sai ga yayarsa Asiya daga Argungu. Matarsa Laure ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura, ta koma madafa. Ko ludayi uku Yaya ba ta sha ba ta kwance bakin jaka. Wai labari ya iske ta cewa da ya fita makaranta Laure take zarar mayafi ta shige gidan Kezia, telar nan 'yar Kagoro, ba ta fitowa sai azahar. Wai kuma macen da ta riƙe katin biki a kife gaban malamai, ina ita ina zama matar hedimasta?

"Maishe ta Zauro gidan ubanta," in ji Yaya. "Ka shiga shekara da tsabta."

Maganar katin nan ta taɓa shi, don ranar ya fi kowa dariya, amma ya kwana da haushi. Yana son Laure, wannan ba ƙarya. Sai dai girman da bai ma zo ba ya riga ya hau masa kai. Yaya na fita ya rubuta: "4. Mayar da Laure Zauro kafin a koma makaranta." Ya danne takardar da rediyo ya bar ta nan. To wa zai karanta a gidan?

Washegari ya hau babur sai Argungu, don ya shaida wa mahaifinsa. Ya iske Baba Kalilu yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a inuwa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko an ji ta bakin yarinyar. Aka ce a'a.

"Kullum abin da za ka yi kaka rubutawa," in ji Baba. "Abin da kay yi hwa? Tahi gida ka zamna kwana bakwai. Ba babur, ba majalisa. Ka juya takardag ga, ka rubuta yadda kac ci shekarar da taw wuce. Ko hwadama in ruwa ya janye ana barin ta ta sha iska kahin a sa mata hauya. In ka ƙare, abin da kag gani ka yi."

Kwanan farko Malam ya sha barci har hantsi, ya tashi yana ta kewaya gida kamar baƙo. Ashe bai san gidansa da rana ba. A kwana na biyu ya ga guga nawa Laure take ja kafin ya sami ruwan wanka. A na uku ya lura tana tari, ya tambaya, ta ce ai tun damina ne. Abinci bai taɓa makara ba, gaisuwa ba ta ragu ba, sai dai idonta a kumbure yake, ta ce hayaƙi ne.

Ya juya takardar. Da ya nemi alherin da ya yi mata bara, biro ya ƙi tafiya. Da ya koma kan laifi kuwa sai ga shi yana gudu. Ya yi mata dariya gaban mutane. Bai kai ta ganin Innarta ba ko sau ɗaya, alhali Zauro ga ta nan. Shekara shida yana koyar da 'ya'yan wasu, bai taɓa zaunar da matarsa ya nuna mata baƙi ɗaya ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ran na bakwai da hantsi ya kira ta. Ta shigo da ƙunshin kaya ta ajiye bakin ƙofa, ta durƙusa.

"Malam, jibi aka komawa makaranta. Na ɗamre kayana."

Ya tambaye ta wa ya gaya mata. Sai ta zaro takardar daga ƙarƙashin rediyo, ta ɗora yatsa.

"Ma-yar da Lau-re Zau-ro — ka-fin a ko-ma..."

Cikin kuka ta ce wata bakwai ke nan Kezia na koya mata karatu, ita kuma tana turara mata shinkafa a matsayin lada. Tun ranar katin ta ƙudura ba za ta sake ba shi kunya ba. Ta so ne ranar sabuwar shekara ta karanta masa jerinsa da bakinta, ya yi murna. Wannan layin shi ne abu na farko da ta karanta ba Kezia a kusa, kuma kwana tara tana ɗauke da shi tana tuƙa masa tuwo.

Hawaye ya zubo wa Malam. Da ƙyar ya ce, "Juya ta, Laure."

Ta juya. Ta bi laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa baƙi tana sharar ido, har ta kai layin ƙarshe. Nan ta tsaya, ta daɗe tana kallonsa.

"Wanga ban iya shi ba, Malam."

Ya san ta iya sarai. Ya sauko daga kujera ya zauna ƙasa gabanta, ya karanta mata da bakinsa.

"Ki yahe mini, don Allah."

Ta ce ta yafe, duniya da lahira.

Da la'asar ya shiga gidan Kezia ya yi godiya har bakinsa ya gaji. Yaya Asiya da ta ji labari ta aiko da busasshen kifi, wanda a wurinta ban haƙuri ke nan. Malam ya yi ta gode wa Allah da ya ba shi uba mai hangen nesa da mace mai haƙuri. Jama'a, buri ba laifi ba ne, amma kafin mutum ya zabura cikin sabuwar shekara, ya zauna ya huta, ya tuhumi kansa tukuna. Da Malam Riskuwa ya fita a guje, da ya rabu da matar da ta koyi karatu dominsa.