Fasinjan da Makaniki Bai Ɗauka Ba

Da yayarsa ta ce ya bari sai da safe, Makaniki dariya ya yi. "Haba Yaya, 'yata na kwance a asibiti, ni kuma in yi barci? Babur ɗin nan da hannuna na haɗa shi."

Ya ɗaure jakarsa a kujerar baya, ya ba shi wuta.

Can tsakar dare, gari ya ƙare sai daji, fitilarsa ta haska wani dogon mutum a bakin gada yana ɗaga hannu. Makaniki ya wuce abinsa.

Bai yi nisa ba ya ji bayan babur ya zauna, kamar an ɗora buhu. Kukan injin ya canza. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika masa hanci. Ya leƙa madubi, jaka ce kawai. Amma da ya karkata zai sha kwana, wani nauyi ya karkata tare da shi.

Ransa ya ɓaci. "Ko wane ne kai, buɗe kunnenka! Ban ɗauke ka ba, kuma wallahi ba zan tsaya ba!"

Numfashi mai sanyi ya sauka a bayan kunnensa. "Ai ni ma ban ce ka tsaya ba."

Ga wata kwana a gaba, ga rami a gefe. Makaniki ya taka birki da ƙarfi, birki ya ƙi sauka. Akwai wata ƙafa a ƙarƙashin birkin.