Ranar da Na'ura Ta Nuna Ja

Ranar da ya fara shigowa ɗakinta, warin taba ne ya riga shi yin sallama.

Ɗakin shi ne na ƙarshe a barandar marasa lafiya masu zuwa su koma gida. Tebur ɗaya, kujeru biyu, sai fanka mai kuka. Duk wanda likita ya gano yana haɗa giya da sigari, nan yake turo shi wurin Ƙaramar Sista, ta yi masa nasiha na minti goma sha biyar. Ni mai ba ku labarin nan na zauna a wannan kujera. Shekara talatin ina zuƙa ina korawa, aka yanke mini rabin huhu, ga ni nan daram, likitan da ya ce ba zan kai baɗi ba ni na je jana'izarsa. Ban yi boko ba, amma abin da ya faru a barandar nan ba wanda ya fi ni saninsa.

Ta ɗago kai daga katinsa. Dogon saurayi ne, baƙin mai a ƙarƙashin farce, idanu jajur.

"Sana'a?"

"Gyaran janareta. Injiniya ake ce mini, amma ba takarda."

"Kara nawa a rana?"

"Biyar... ko shida."

"Kwali ɗaya ke nan. Giya fa?"

Ya waiga ya dubi ƙofa. "Sista, a hankali mana."

"Ba mai ji. Gyambon cikinka ma ya riga ya tona maka asiri wurin likita."

Ta miƙa masa wata 'yar na'ura mai bututu. Mutum zai riƙe numfashi ya busa, idan hayaƙi ya yi yawa a jininsa sai ta nuna ja, idan babu sai kore. Ya busa, ta nuna ja.

"Su biyun nan tare suke tafiya," in ji ta. "Ka bar kwalba ka riƙe kara, karan zai mayar da kai wurin kwalba. Ka bar kara ka riƙe kwalba, kofi biyu za ka fara neman ashana. Tare za mu sallame su. Yaushe ka fara?"

"Shekarar da wuta ta ja ƙanena a shago. Ni na aike shi ya haɗa wayar."

Ta rubuta masa ya dawo Talata mai zuwa.

Haka ya riƙa zuwa duk Talata. Makon farko hannunsa na rawa, na biyu ya yi faɗa da kowa a shago. Ta sa ya canja hanyar komawa gida don kada ya bi ta gaban mashaya, ta ce ya riƙa cin abinci kafin ya tashi aiki. A mako na shida na'ura ta nuna kore, ya yi ta kallonta kamar an ba shi kyautar mota.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Likitata, yau na ji ƙamshin sabulun da nake wanka da shi, ashe yana da ƙamshi. Ke kika dawo mini da hancina. Akwai wata magana a bakina, amma ba ta kati ba ce."

Ta karanta sau uku. Washegari ta ɗauki katinsa ta kai wa Babbar Sista, ta ce daga yau ita za ta riƙa duba shi. Sannan ta amsa masa:

"Ba na sauraron irin wannan magana da katin mutum a hannuna. Yanzu ba ya hannuna. Ina jinka, Injiniyana."

Matsalar tana gida. Mahaifinta giya da taba ne suka kashe shi tana 'yar shekara sha huɗu, ita ce mai riƙe masa roba yana aman jini. Da ta gaya wa Umma wanda take so, Umma ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Wanda ya daina? Ai mai cewa ya daina na aura. Ubanki sau nawa ya rantse mini? Ya wanke baki, ya tsotsi alawa, ya dube ni ido cikin ido ya ce ƙarya ake masa. Ga ɗan ƙawata mai kantin magani, yaron da ko hayaƙin shara ba ya so, ya aiko sau biyu. Ke sai ki tsallake shi ki ɗauko mini ubanki daga kabari?"

"Umma, ba halinsu ɗaya ba."

"Haka na ce wa tawa uwar."

Baffa, ƙanen mahaifinta, shi ne ya shiga tsakani. Ya ce a ba yaron wata uku, idan asibiti ya shaida ya tsaya, a yi magana. Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Wata biyu suka wuce lafiya. Damina ta sauka, ruwa ba ya ɗaukewa. Wata Talata Babbar Sista ta tafi hutu, aikin ya dawo kan Ƙaramar Sista. Injiniya ya shigo a jiƙe, daga shago kai tsaye, yana dafe da goshi yana murmushi.

"Yau Likitata ce da kanta? Ba ni in busa, kaina ke ciwo tun jiya."

Ya busa. Ja.

Ta canja bututu. Ya sake busawa. Ja.

"Wallahi ban sha ba," in ji shi.

Muryar da ta ji ba tasa ba ce, ta mahaifinta ce a bakin ƙofar ɗaki.

"Da ka ce mini ka zame, da na riƙe ka. Kullum mutane na zamewa a ɗakin nan, ban taɓa korar kowa ba. Amma ka dube ni ka rantse?"

"Ki shinshina rigata."

"Na san alawa, na san turare. Tashi ka je."

Ya ɗauki hularsa ya fita cikin ruwa. Da yamma ya aiko:

"Ban san abin da na'urarki ta gani ba. Ni dai na san abin da ban yi ba. Allah ya huci zuciyarki."

Ba ta amsa ba. Ta gaya wa Umma, Umma ba ta yi murna ba, ta dai jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya. Mako uku yarinyar nan tana zuwa aiki kamar mai takaba. Mai kantin magani ya zo gida sau biyu, ta zauna gabansa tana kallon ƙasa har ya gaji ya tafi.

Ranar da Babbar Sista ta dawo, sai ga wani dattijo mai farin gemu ya kutso ɗakin ba kati. Maigidan Injiniya ne, mai shagon.

"Ina abin nan da ya raba yarona da hankalinsa? Ni shekarata sittin da bakwai, taba ba ta taɓa shiga bakina ba, giya ko warinta ba na so. Ba ni in busa mu ga ƙaryarsa."

Ya busa. Ta nuna ja.

Babbar Sista ta cire tabarau. "Baba, a ina kuke gwada injuna?"

"Da rani a waje. Yanzu ruwa ya hana, sai mu ja ƙofa mu tayar a ciki."

"Kanku na ciwo?"

"Duk shagon."

Babbar Sista ta juya ga Ƙaramar Sista. "Hayaƙin inji da na taba, na'urar nan ba ta raba su. Tun a makaranta an koya miki. Kin tambaye shi daga ina ya fito?"

Ta sani sarai, ba ta dai tambaya ba. Ta tura dattijon wurin likita, ta fita ko laima ba ta ɗauka ba.

Ta tarar da ƙofar shago a rufe, inji na ruri a ciki. Ta banka ta, ta yi ta ihu a kashe, kowa ya fito. Injiniya ya fito daga ƙarshe, ya rame, wuya ya yi tsawo.

"Ka yafe mini," in ji ta, hawaye na haɗuwa da ruwan sama. "Gaskiya ka faɗa."

"Ranar nan gaskiya na faɗa. Amma kada ki yi saurin wanke ni. Da na fita daga wurinki na bi ta tsohuwar hanya. Kwalba biyu, kara huɗu. Washegari na yi amai na yi kuka, ban sake ba. Na'urarki ba za ta gani ba yanzu, ni nake gaya miki."

Ta share ruwan fuskarta. "Umma fa? Wata uku aka ce."

"Ni zan gaya mata."

Ya je kuwa. Ya durƙusa gaban Umma da Baffa ya faɗi komai, har adadin karan. Baffa ya yi ta ƙifta masa ido ya yi shiru, bai yi ba. Umma ta ɗago kai ta dube shi.

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa, Umma."

"Shekara goma sha bakwai na zauna da mutum, ko sau ɗaya bai taɓa ce mini ya sha ba." Ta share ido da bakin mayafi. "A sake ƙirgawa daga ranar. Wata uku cif."

Aka ƙirga, ya cika su. Aka ɗaura aure wata safiya da hadari ya rufe gari, ba taro mai yawa. Ina wurin, a sahun gaba, ni na fi kowa ɗaga murya wurin amin.

Da za a tafi da amarya, Umma ta kama hannun ango ta riƙe gam.

"Ban ce ba na tsoro ba. Zan mutu da tsorona. Idan ka zame, ka riga kowa faɗa mata."

"Na yi alkawari, Umma."

"Bar alkawari, na sha shi. Ka dai faɗa." Ta ɗora hannun 'yarta a kan nasa. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku daga abin da na gani. Ku je."