Jinin Wa Ke Fuskata?

"Doña Nubia... kwalbar can ta wa ce?"

Maryuri tana kwance a ɗakin bayan shagon gyaran gashi, fuskarta duk hudar allura. A nan Nubia take ɗibar jinin mace, ta juya shi a inji, ta zuƙe ruwan ɗorawar da ya taso, ta mayar mata a fata don tamoji ya baje. Ba ta rubuta suna a kwalba. Jan farce take ɗigawa a murfi. Na Maryuri ja ne wur. Na matar da ke bayan labule ja ne mai duhu.

Ga kwalba mai ja wur can a cike, ba a taɓa ta ba.

"Kwantar da hankalinki, 'yata, ai jini jini ne..."

"Jinin wa kika zuba mini a fuska?!"

Labule ya motsa. Matar ta fita da sauri, ta rufe fuska da gyale da baƙin tabarau. Nubia ta rantse ba ta san sunanta ba.

Yurani ce ta kawo Maryuri wurin. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Edinson ce, saurayin da Maryuri za ta aura. Ta daɗe tana sonsa, ta kuma san mahaifiyarsa, Doña Fabiola, ba ta son wannan aure. Doña Fabiola ta sha faɗa cewa ɗanta ba zai auri wadda ta girme shi ba, jininsu ba zai gauraya da nata ba.

A asibiti likita bai ɓoye mata komai ba: akwai yiwuwar ciwon hanta, akwai ta ƙanjamau. Ya ba ta maganin kariya, ya ce tabbaci sai bayan watanni, sai dai idan an samo mai jinin an gwada ta.

Barci ya ƙaurace mata. Duk sanda ta dubi madubi, sai ta ji kamar baƙuwa ce kwance ƙarƙashin fatarta.

Da Edinson ya zo, ta faɗa masa komai, ta ajiye masa zobensa a tafin hannu.

"Ba zan kashe ka ba, Edinson..."

"Wa ya ce miki fuskarki na buƙatar gyara?"

"Mahaifiyarka! Kowace Lahadi!"

Ya mayar mata da zoben.

"Ni ma tsoro nake ji, rabin raina. Sai dai tare za mu ji shi. Ranar Lahadi ki shirya, gidanmu za mu."

Ranar Lahadi an zuba farfesun sancocho, dangi sun cika teburi, sai Yurani ta ajiye cokalinta.

"Inna, kin tambayi amarya abin da ke yawo a jikinta? Jinin wata 'yar titi aka ɗura mata!"

Maryuri ta sunkuyar da kai, tana jiran a kore ta. Sai idonta ya faɗa kan hannun Doña Fabiola, wanda ke riƙe da ludayi. A lanƙwasar gwiwar hannun akwai wani shuɗin tabo, irin wanda allurar Nubia ta bar mata ita ma.

Ta ɗago. Suka haɗa ido.

Kalma ɗaya ta isa ta wanke kanta, ta kuma tona matar da ta wulaƙanta ta. Maryuri ta buɗe baki... ta sake rufewa.

"Gaskiya ne," ta ce a hankali. "Ban san mai jinin ba."

Ludayin ya faɗi cikin tukunya.

"'Yar titin ni ce, Yurani," in ji Doña Fabiola.

"Mama?!" Edinson ya miƙe tsaye.

"Zauna! Ina da ikon son in fito da kyau a hoton bikin ɗana. Kunya ce ta sa na gudu." Ta juya ga Maryuri. "Tun ranar ban runtsa ba, 'yata. Ban taɓa yin gwajin nan ba... Idan akwai wani abu a jikina, ni na ba ki."

Washegari suka zauna a benci ɗaya a asibiti, Edinson yana kai da komo. Da aka kira sunan Doña Fabiola, Maryuri ta kama hannunta, suka shiga tare.

Likita ya ce jinin lafiyarsa ƙalau.

Ranar bikin, a ƙofar coci, Doña Fabiola ta tallabo fuskar amarya, ta daɗe tana duba.

"Kin yi kyau," ta ce, hawaye na ɓata mata hoda. "Dole ki yi kyau mana. Jinina ne."