Sama Ta Bakwai

Ana saura kwana ɗaya tawagar Najeriya ta bar Alƙahira, Sufeto Gidaɗo ya samu kira daga filin gasar harbi cewa ya zo yanzu. Shi ne aka ɗora wa tsaron makaman tawagar, shi kuma ya sa hannu a takardar shigowa da su.

A ɗakin ajiya ya tarar da wani jami'in 'yan sandan Masar mai suna Alaa, ya ɗora rabin bindiga a kan tebur.

Irin bindigar da ake gasar da ita gida biyu take rabuwa. Akwai ƙasa, mai kunama da lambar rajista, akwai sama, mai ɗauke da bututun. Sama ba ta da lamba, kuma kowa da yawan da yake ajiyewa. Godiya, matashiyar kofur ɗin da ta ciyo musu lambar azurfa, sama uku take sauyawa a kan ƙasa ɗaya: ta kusa, ta nesa, da ta atisaye. Abel, abokin harbinta a tawagar, biyu gare shi. Malam Sanusi, tsohon ɗan sandan da ke horar da su, ɗaya tak gare shi, kuma kullum faɗa yake musu cewa sama ɗaya ta ishi wanda ya iya, tara su kwaɗayi ne.

"A unguwar Arba wa Nus muka kama wani da wannan," Alaa ya ce da Turancinsa mai nauyi. "Ya ce daga hannun tawagarku ta fito, ta hanyar dillali. Duba ciki."

Gidaɗo ya juya ta. Ga ɗan ɗigon jan farce a cikin ƙarfen. Duk tawagar ta san Godiya ce ke yi wa kayanta haka.

"Ma'alish, sai haƙuri," in ji Alaa. "Fasfonta yana hannuna. In ba a samo wani mai laifin ba kafin la'asar, da ita zan tafi."

Gidaɗo ya buɗe akwatunan ya ƙirga. Ƙasa uku, sama shida, daidai da takarda. Kansa ya ɗaure. In shida suka zo da su, ga kuma shida a akwati, wannan ta kan tebur daga ina?

Ya sa aka kira Godiya.

"Jiya da rana ina kika je?"

"Ina ɗaki, Yallaɓai."

"Mai gadin masauki ya ce ya tsayar miki da tasi."

Ta sunkuyar da kai. "Unguwar Hayyin Ashir na je. Abaya na sayo wa mamana. Malam ya hana mu fita, shi ya sa na ɓoye."

"Kin ga inda abaya ta kai ki. Buɗe akwatinki."

Ta fito da biyu, kowace da ɗigonta. Da ta ɗago ta ukun sai ta tsaya cak.

"Wannan ba tawa ba ce. Tun da aka gama harbin nesa ranar Talata ban sake taɓa ta ba. Yallaɓai, ka dubi bututun, ai ya cinye. Wannan ko zomo ba za ta samu ba."

Gidaɗo ya sallame ta, ya nufi wajen Malam Sanusi. Ya same shi a inuwa yana shan shayi. Mutumin nan shi ya koya masa riƙon bindiga, shi ya yi masa waliyyi da ya tashi aure. Ko zama Gidaɗo ba ya yi a gabansa sai ya ce ya zauna.

"Malam, wa ke da makullin ɗakin ajiya ban da ni?"

"Ni, sai yarinyar nan da na ara wa shekaranjiya." Malam ya girgiza kai. "Na sha gaya muku, mai uku ba ya jin ciwon rasa ɗaya. Ka bar su su yi aikinsu, Gidaɗo, kada ka ɓata sunanka a kanta."

Gidaɗo ya koma ɗakin ajiya. Ya ɗauki tsohuwar saman ya kai ta bakin taga. Babu ɗigo. Amma da yatsansa ya bi gefen hagu sai ya faɗa cikin wata 'yar lotsawa, an goge ta da zarto an shafe da baƙin fenti.

Ya san lotsawar nan kamar yadda ya san tabon da ke gwiwarsa. Shekara goma sha shida da suka wuce, yana kurtu, shi ya kayar da wannan ƙarfen a kan siminti. Laifin ya isa a kore shi. Malam Sanusi ne ya rufa masa asiri, ya goge wurin da hannunsa, daga baya ya ce masa an narkar da ita tare da sauran tsofaffin kaya. Tun daga ranar Gidaɗo bai taɓa musa wa Malam magana ba.

Sai ya tuna ranar tahowarsu. Yana shirin buɗe akwatuna ya ƙirga, Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shida ne, na duba, rubuta kawai." Ya rubuta. Ashe bakwai ne.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ji da ma bai gane ta ba.

Ya tara Malam da Godiya gaban Alaa, ya ajiye ƙarfen a gaban Malam.

"Ka ce min an narkar da ita."

Malam ya dubi lotsawar. Gidaɗo ya ci gaba.

"Ka taho da ita daga gida, ka sa ta a akwatin Godiya, ka fitar da mai kyan ka sayar. Lissafi ya cika, ba mai ganewa sai mun sauka Abuja. Makulli kuwa ba ka taɓa ara mata ba. Littafin masu shiga ɗakin ajiya sunanka kawai ya nuna ranar Laraba."

"Shekara talatin ina harbi da guda ɗaya," Malam ya ce a hankali. "Na yi ritaya ba ni da komai. Ita shekararta biyu, an saya mata uku. Ɗaya kawai na ɗauka."

"Kuma da za ka hau jirgi gobe ka bar ta a tsare a ƙasar mutane."

"Ban san za a kama mutumin ba." Ya ɗago ido. "Gidaɗo, kai kaɗai ka san alamar nan. Na rufa maka asiri a kanta. Ai na ɗauka ko ka gani za ka yi shiru."

Nan ne Gidaɗo ya gane Malam ba manta lotsawar ya yi ba. Da gangan ya zaɓo ta.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Alaa. Ya miƙa wa Godiya fasfonta, ta karɓa. Jami'ai biyu suka sa Malam a tsakiya suka fita da shi. A bakin ƙofa ya waiwayo, Gidaɗo bai dube shi ba.

Alaa ya turo masa takardar bayani da biro. "Sama nawa zan ce kun shigo da su?"

"Bakwai," Gidaɗo ya ce. "Ka rubuta kuma ni na sa hannu a kan shida ban ƙirga ba."