Ragunan Disamba

Marika na tsaye a kicin tana murza ƙullin biredi, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, muryar mahaifinta Anton tana zuwa daga Jindabyne, garinsu na gindin duwatsun ƙanƙara, kamar yana bakin ƙofa.

"Likita ya ce gwiwar nan ta gama aiki. Zai yi mata tiyata bayan sanyi mai zuwa, daga nan ni da zamiya a kan ƙanƙara sai dai kallo ta taga."

"Haba Baba, likitoci ai haka suke tsorata mutum..."

"Ba jaje na kira ki yi mini ba. Sanyi ɗaya ya rage mini. In kina da niyyar ki sauko dutsen nan da ubanki, to wannan ne. In kuma tumakin mijinki sun fi ni, shi ke nan, ki gaishe su!"

Ya katse wayar. Marika ta tsaya da gari a hannu tana kallon waje. Fili ne shimfiɗe har iyakar gani, jar ƙasa da gajerun ciyayi, ko tudun da yaro zai gangara babu. Hawaye suka zubo mata cikin ƙullin, ba ta ma damu ta share ba.

A gindin dutse aka haife ta. Mahaifinta shi ke gyaran kujerun nan da igiya ke ja zuwa ƙololuwa, saboda haka ita zamiya ba ta taɓa zama mata biki ba. Ranar Asabar ta yi, sai marigayiya mahaifiyarta ta cika fulas da miya, a jefa katakan zamiya a bayan mota, kafin miyar ta huce an kai. Ita da ƙawayenta har dariya suke yi wa 'yan Sydney da ke shan doguwar tafiya, su iso da sababbin riguna, su durƙusa a gefen titi suna kokawa da sarƙar da ake ɗaura wa taya saboda santsin ƙanƙara. Marika ba ta taɓa zaton wata rana nisanta zai ninka nasu ba.

To, so ne ya ɗauko ta. Clem Harradine ya zo dutsen sau ɗaya da abokansa, ya faɗi a gabanta har sai da ta gaji da ɗaga shi, ya tashi yana dariya da ƙanƙara a gashin baki. Ta aure shi, ta biyo shi gonar tumakinsu can bayan garin Ivanhoe, inda mota ke tashi da sassafe ta isa Jindabyne rana na faɗuwa. Shekarar farko ta samu ta je dutsen. Ta biyu tana da cikin 'yarsu Tilda, ta uku goyo, sai fari ya biyo baya. Kuma ko babu waɗannan, tumakin gidan Harradine a watan Agusta suke haihuwa, daidai lokacin da ƙanƙara ta fi kyau, lokacin da ko kare ba a ba shi hutu a gonar. Anton bai taɓa yafe wannan ba, kuma bai taɓa taka ƙafarsa gonar ba. Cewa yake shi ba ya zuwa ƙasar da Allah ya manta ya sa mata dutse.

Wajen cin abincin yamma ta faɗa musu tana so ta je wurin mahaifinta a watan Agusta. Surukarta Noreen, wadda ke zaune a tsohon gida ƙetaren fili, ta ajiye wuƙarta a hankali.

"Agusta? Ke kuwa Marika, wa zai zagaya shingen arewa? Wa zai ba marayun 'yan tumaki madara? Ni da wannan bayan nawa?"

"Mama, sati ɗaya ne kawai."

"Sati ɗaya a tsakiyar haihuwa! Ni da na zo gidan nan, bikin ƙanwata ma ban je ba, saboda a Agusta aka sa shi. Ban mutu ba."

"Ni ubana ne, ba biki ba!"

Clem ya yi shiru kamar ruwa ya cinye shi, yana ta juya dankali a faranti. Wannan shirun nasa ya fi maganar Noreen ƙona mata rai. Da suka rage su biyu a wurin wanke-wanke, ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Zan tafi, Clem, ko ka so ko ka ƙi. Zan ɗauki Tilda, yarinya ta kusa shiga makaranta ba ta taɓa taɓa ƙanƙara da hannunta ba. Kuma in na tafi da fushin nan, ban san ranar dawowata ba."

"Rika, ki ba ni 'yan kwanaki."

"Kullum 'yan kwanaki! Shekaruna nawa ina ba ka?"

Ya juya ya fita. Clem irin mazan nan ne da in magana ta yi musu nauyi sai su ɗauki hula su fita duba tankin ruwa.

Farkon Disamba, lokacin zafi a can, rana na dukan ƙasa, Noreen ta hango shi yana koro raguna zuwa shingen tumaki. Ta fito da gudu, da tsumman goge kwano a hannu.

"Clement! Ka haukace ne? Tun zamanin kakanka sai Maris ake sakin raguna a gidan nan!"

"Bana Disamba ne, Mama. Wata biyar ne cikin tunkiya. Su haihu a ƙarshen Afrilu, kafin Agusta 'ya'yan sun yi ƙwari."

"Su haihu a kan me? A kan tsakuwa? Afrilu a nan ko ɗanyar ciyawa ɗaya ka taɓa gani in ba a yi sa'ar ruwa ba? Za ka kashe mana garke saboda matarka ta je ta yi wasan yara da katako!"

"Matata ta bar nata ta zo ta riƙe namu, ban taɓa jin an tambaye ta me ta bari ba," in ji shi, ya buɗe ƙofar shingen.

Marika na tsaye a bakin rumfa tana ji. Daɗi ya kama ta, sai kuma tsoro ya bi bayansa, don ta san abin da Noreen ta faɗa gaskiya ne.

Afrilu ya zo, sama fes, ko gajimare babu. Tumaki suka fara haihuwa a busasshiyar ƙasa, nononsu bai cika ba. Wasu iyayen sai su haihu su yi tafiyarsu neman abinci, su bar 'ya'yan ga hankaki da dila. Kowace safiya Marika da Clem na loda harawa a a-kori-kura, su dawo da marayu a gaba, gawarwaki a baya. Kicin ya cika da kukan 'yan tumaki da ƙarnin madara. Noreen ba ta ce "ai na faɗa" ba ko sau ɗaya, amma yadda take kallon bayan motar nan ya ishi mutum.

Wata safiya Marika ta tsinci tagwaye duk sun mutu a gindin shinge. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

"Ni na jawo! Sori Clem, ni na jawo maka wannan."

Ya tsuguna kusa da ita, ya share mata fuska da bayan hannunsa mai kaushi.

"Ni na buɗe ƙofar, ba ke ba. Kuma da za a maimaita, zan sake buɗewa. Tashi, akwai masu rai suna jiran mu."

Ta tashi. Daga ranar ba ta sake ambaton dutse ba, ta sa kanta cikin aikin har tafin hannunta ya tsattsage. Ruwa bai zo ba sai ƙarshen Mayu, amma da ya zo ya zo da gaske, filin nan ya yi kore shar. An yi asara, ba ƙarama ba, sai dai garken ya tsaya da ƙafarsa.

Ranar tafiya a watan Agusta, Noreen ta fito da kwandon abinci ta tura shi ta tagar mota, fuskarta a murtuke.

"Akwai naman rago da kek a ciki. Ku tafi kafin in canza ra'ayi. Ke kuma Marika, ki ce wa tsohon nan mai taurin kai na ce ya bi a hankali."

Suka yini suna tafiya, Tilda na tambayar ko an kusa tun ba a bar jar ƙasa ba. Da ƙasa ta fara tudu, iska ta canza ƙamshi, Marika ta sauke gilashi ta shaƙa.

Anton ya rame, yana ɗingishi. Ya rungume jikarsa, ya miƙa wa Clem hannu a taƙaice. Washegari suka bar Clem da Tilda a ƙasa suna faɗuwa suna tashi, Anton da Marika suka hau kujera zuwa sama. Ƙanƙarar bana ba ta yi kauri ba, duwatsu na leƙowa nan da can. Mutumin da a da sai dai ta hango bayansa, yau ita ke rage gudu tana jiran sa. Yana juyawa a hankali, yana cije leɓe, amma kafaɗunsa na nan a miƙe yadda ta san su tun tana ƙarama.

A tsakiyar gangaren ya tsaya a gefen wasu bishiyoyin turare yana haki. Ta cire safar hannu don ta gyara masa maɗaurin takalmi, sai ya kama hannun ya juya shi.

"Me ya ci miki hannu haka?"

Ta ba shi labarin duka, ragunan Disamba, da farin Afrilu, da abin da ake lodowa a bayan mota. Anton ya daɗe yana kallon ƙasa, inda wani dogon mutum ke kwance male-male a ƙanƙara, ƙaramar yarinya na jan hannunsa.

"Wancan sakaran da bai iya tsayuwa ba? Shi ya juya wa garkensa shekara saboda ni?"

"Saboda ni da kai, Baba."

Tsohon ya goge idonsa, ya ce iska ce. Suka ƙarasa gangaren kafaɗa da kafaɗa, ba mai gaba ba mai baya. Da suka iso ƙasa ya kwance katakan da kansa, ya jingine su, ya ɗingisa har inda Clem ke karkaɗe wando.

"Kai ɗana, baɗi yaushe tumakin za su haihu?"

"Afrilu kuma, Baba, in an yi ruwa."

"To a gyara mini ɗaki. Gurgu ai zai iya zama a kujera ya riƙe wa maraya kwalbar madara. Shekaru ina ƙorafin hanyar nan ta yi wa 'yata nisa, ban taɓa tunanin in bi ta ni ma ba."

Marika ta rufe fuska da hannuwa tana kuka tana dariya. Haƙurin da ta yi a jar ƙasa bai tafi a banza ba. Duk mai zaune yana jiran a zo masa, ya tuna shi ma zai iya tashi ya je, kuma mai ƙaunarka da gaske ba lallai ya iya faɗa da baki ba, a aikinsa za ka gani. Afrilu na zagayowa Anton ya hau hanya da sandarsa, ya yini yana zagin nisa, ya iso gonar rana na faɗuwa.