Bugun da ke Kunnen Bahijja

Bahijja ba ta gama gaisuwar safe ba muciya ta sauka a kafaɗarta.

"Ni Rakiya za ki juya wa ƙeya?" Uwar mijinta ta daka tsawa. "Kullum kin durƙusa sai ki karkace kai ki dafe wuya, kamar ina wari!"

"Inna, wallahi sai na danne nan nake jin maganarki. Wani abu ke bugawa a kunnena, dif-dif..."

Mari ya rufe mata baki, leɓe ya fashe. Inna ta sake ɗaga muciya, sai ga mijin, Kailani, ya yar da acaɓarsa a zaure ya faɗo tsakani. Dukan ya same shi a goshi, jini ya wanke masa ido.

"Ka sake ta yau, ko in ɗaga maka nono!"

Ya durƙusa jinin na ɗiga. "Inna, ki bi mu asibiti sau ɗaya. In likita ya ce ƙarya take, da hannuna zan rubuta."

"Uku za ka rubuta, ba ɗaya ba."

"Na yarda."

Tun daga Tudun Wada Bahijja take kuka a cikin keke, ba mai kallon wani.

Aka ɗauki hoton kanta. Likita ya ce ƙashin bayan kunnenta ne ya ɓule, babbar jijiyar jini kuma ta nan ta bi. "Gudun jininta take ji, Hajiya. In ta danne wuya ya lafa, shi ne take jin mutane."

"An dai haɗa baki da kai!"

Bai yi musu ba. Ya cusa wa Inna abin awonsa a kunne, ya ɗora bakin abin a bayan kunnen yarinyar. Fuu-dif! Fuu-dif! Inna ta fizge ta yar.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Wata takwas, Inna."

Ranar tiyata aka aske bayan kunnen, aka tsaga, aka liƙe ramin ƙashin. Da ta farfaɗo ta jima tana rarraba ido, sai ta damƙe hannun mijinta.

"Bugun ya yi shiru, Kailani! Wallahi shiru!"

Inna Rakiya ba ta iya ba da haƙuri ba, haka Allah ya yi ta. Ta dai ture ɗanta gefe, ta karɓe kofin kunu tana fifitawa.

"In na ƙara jin maganar saki a gidana, sai na fasa maka ɗaya gefen goshin."

"Inna, ai ke kika..."

"Rufe min baki! Sha, 'yar nan."

To 'yan mata, haƙurin Bahijja da tsayuwar mijinta su suka riƙe auren nan. Ku kuma iyaye, ciwon da ba a jikinku yake ba, ku tambaya kafin ku ɗaga hannu.